Gyara Kayanka: Maganin Sauro da Kujerar Mota

Ruwa ya sauka, shuka ta yi kyau, kududdufai sun cika, sauro kuma ya dawo da rundunarsa. Daga watan Yuli har zuwa Oktoba, a ƙasar Kusada da Kankiya, da wuya ka shiga gida da almuru ba ka ji ƙamshin maganin sauro ba. Wani na kunnawa, wani na fesawa, wani na shafawa a jiki. Wannan kuwa daidai ne. Amma akwai wata ɓarna da ke zuwa tare da shi, wadda mutane da yawa ba su san sanadinta ba. Mutum ya buɗe mota da safe, ya tarar da kujera ta yi fari-fari a wani wuri, ko ta yi danƙo tana kama riga, ko kuwa launinta ya ɗaye kamar an zuba mata ruwan batir. Sai a fara neman mai laifi. Maigida ya ce yara ne, uwargida ta ce direba ne, direba ya ce rana ce. Sau da yawa kuwa ba kowa ba ne sai maganin sauron da aka shafa a hannu da ƙafa kafin a shiga mota.

Abin ya fi zafi idan motar ba taka ba ce. A ce ka ari motar maƙwabci domin ka kai mara lafiya asibiti a Katsina, ko an ba ka riƙon motar ikkilisiya, ko kuwa kai direba ne mai jigila tsakanin Kusada, Gidan Mutum Ɗaya da Kano, mai mota yana jiranka da yamma. Tabo ɗaya a kujera ya isa ya ɓata zumuncin shekaru, ya isa kuma ya rage kuɗin mota ranar da za a sayar. Saboda haka a wannan wata za mu duba abu uku: abin da ke kawo ɓarnar, yadda za a gyara, da yadda za a kiyaye gaba ba tare da an bar iyali a bakin sauro ba.

Me ke cikin maganin?

Ɗauki kwalbar maganin shafawa ko na fesawa a jiki, ka juya bayanta. A yawancinsu za ka ga an rubuta DEET, ko Diethyltoluamide. Masu bincike na ma'aikatar aikin gona ta Amurka ne suka haɗa shi a 1944, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da zazzaɓi ke kwantar da sojoji a dazuzzuka masu zafi. Kakanninmu da suka je yaƙin Bama sun san wannan wahala. Sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1946, a 1957 kuma aka ba da izinin sayar da shi ga jama'a. Har yau yana cikin magungunan da suka fi ƙarfin korar sauro. Man shafawa na Odomos, wanda ake kawowa daga Indiya, yana ɗauke da wani ɗan'uwansa na kusa, don haka shi ma a yi hankali da shi.

Ga inda matsalar take. Ban da korar sauro, DEET yana da halin narkar da roba da fenti. Yana ɓata gilashin agogo na roba, da sandunan tabarau, da bayan wayar hannu, da fentin katako, da wasu yaduna na roba. Fatar mutum ba ta narkewa da shi, amma kujerar mota tana narkewa. Magungunan fesawa a ɗaki kuma, irin na gwangwani, yawancinsu an narkar da dafin ne a cikin wani mai ɗan'uwan kananzir, shi ma yakan bar tabo idan ya sauka da yawa a wuri ɗaya.

Fata ce ko leda?

Kafin ka taɓa kujerar da kome, sai ka san da me aka yi ta. Mu Hausawa mun ari kalmar leda daga kalmar Turanci da ke nufin fata, amma muka ba roba sunan. A kan kujerar mota, wannan ruɗani yana da tushe, gama kujeru da yawa da ake kira na fata leda ce. Tsofaffin Peugeot 504, waɗanda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, da yawansu kujerun leda ne ko na yadi. A motocin yanzu kuwa, 'yan Kwatano da sauransu, sau da yawa wurin zama da wurin jingina ne kaɗai fata, gefe da baya leda ce mai launi iri ɗaya.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Sa hannu a ƙarƙashin kujera, ka juyo bakin rufin inda aka ɗinke. Idan bayansa yana da gashi-gashi mai laushi, fata ce. Idan ka ga saƙar zare ko farin yadi manne da shi, leda ce.

To, ko da fata ce, ba irin ta dukawanmu ba ce. Majema na Kano da Sakkwato suna jeme fata da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Fatar jan akuya ta Sakkwato da Maraɗi ta yi suna har Turai tun zamanin fatake, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko domin ta can take biyowa. Irin wannan fata a buɗe take, tana shan ruwa, tana shan mai, tana shan rini. Fatar mota kuwa ƙirgin saniya ce, yawancinta da gishirin kurom ake jeme ta a masana'anta. Bayan jima sai a fesa mata fenti, a kuma rufe fentin da wani siririn rufi na roba wanda bai kai kaurin takarda ba. Ɗiga ɗigon ruwa a kai ka gani: zai tsaya kamar dutsen ado, ba zai shige ba. Watau abin da hannunka ke taɓawa ba fatar ba ce, rufin ne. Shi ne kuma DEET ke narkarwa. Wannan labari ne mai daɗi ta wani gefe, gama sau da yawa fatar da ke ƙasa lafiyarta lau, rufin ne kawai ke bukatar gyara.

Idan yanzu ya zube

Gaggawa a nan tana da amfani, amma gaggawa da hankali. Nemi farin tsumma mai tsabta ko takarda mai laushi, ka ɗora a kan wurin ka danna a hankali, ka ɗaga. Kada ka goga. Rufin ya yi laushi a wannan lokaci, idan ka goga za ka kwashe shi tare da launin, ka kuma baza maganin zuwa inda bai kai ba. Sauya tsumma har ya daina ɗaukar kome.

Sa'an nan ka sami ruwa mai ɗumi kaɗan a kofi, ka sa ɗan sabulun wanka marar ƙarfi, irin na jarirai. Jiƙa tsumma, ka matse shi sosai, ka riƙa dannawa daga bakin tabon zuwa tsakiya. Bi da wani tsumma mai ruwa zalla, sa'an nan busasshe. Kada ka kwarara ruwa, musamman a kujerar da ke da ƙananan huji, gama ruwan zai shige cikin soso ya kawo wari, a wasu motoci ma akwai wayoyin lantarki a ciki. Ka ajiye motar a inuwa, gilasai a buɗe kaɗan, kada kowa ya zauna a wurin har kwana 2 ko 3. Rufin da ya yi laushi kawai yakan sake ƙarfi da kansa idan maganin ya fita.

Abubuwan da ba a sawa

A nan ne yawanci ake neman gira a rasa ido. Kada ka sa fetur, ko kananzir, ko tina, watau ruwan da masu fenti ke tsinka fenti da shi, ko abin goge jan farce. Dukansu masu narkarwa ne, za su ƙarasa abin da maganin sauro ya fara. Kada ka sa garin sabulun wanki ko ruwan bilic, suna busar da fata su cinye launi. Kada ka sa man gyaɗa, ko man shanu, ko man kaɗe. Waɗannan suna yi wa fatar dukawa amfani domin tana shansu, amma a kujerar mota sai su kwanta a sama, su tara ƙurar hunturu, su yi ɗoyi. Kada kuma ka sa man goge takalmi. Zai rufe tabon na yini ɗaya, amma da zarar mota ta yi zafi, wanda ya zauna da fararen kaya ranar Lahadi ko ranar biki zai tashi da shaida a bayansa.

Duba girman ɓarnar

Bayan kwana 3, duba wurin da rana, ka taɓa shi da bayan yatsa. Ɗaya daga cikin huɗu za ka tarar.

Na fari, wurin ya dushe ko ya ɗan yi fari, amma santsinsa yana nan, ba ya kama hannu. Wannan ƙaramar ɓarna ce. Sake wanke shi da ruwan sabulu, ka shafa man kujerar fata da ake sayarwa a shagunan kayan mota, kaɗan a tsumma. Sau da yawa wannan ya isa.

Na biyu, wurin yana nan da danƙo. Rufin ya lalace ke nan, ba zai koma ba. Dole a cire shi a sa sabo.

Na uku, launin ya tafi, ana ganin fatar toka-toka ko shuɗi-shuɗi a ƙasa. Wannan launin jimar kurom ne, kada ka tsorata. A nan ana bukatar fenti da rufi duka.

Na huɗu, leda ce ta narke, ta yi kumburi, ko ta taurare ta fara tsagewa. Leda ba ta da wata fata a ƙasa da za a koma gare ta. Idan wurin ya fi tafin hannu, sai sauyawa.

Yadda ake sake fenti

Na biyu da na uku, mai haƙuri zai iya yinsu a gida. Ga kayan aiki: fentin fata irin wanda ake tsinkawa da ruwa, da rufin da ake bi da shi a kai, da sifirit, da samfefa mai laushi ƙwarai, lamba 600 ko 800, da soso mai tsabta, da farin tsumma. Ana neman fentin wajen masu sayar da kayan ɗinkin takalma da jaka a Kano, kamar a kasuwar Ƙofar Wambai, ko wajen masu kayan mota. Ka faɗa wa mai shago cewa fenti kake so wanda ke zama a sama, ba rini mai shiga jiki ba, gama rini ba ya kama fatar da aka rufe. Kada kuma ka karɓi fentin ƙarfe ko na bango, zai fashe ranar da aka fara zama a kai. In da hali, cire matashin kai na kujerar ka tafi da shi domin a gwada launi. Ido ba ya riƙe launi daga Kusada zuwa Kano.

1. Wanke dukan ɓangaren da ruwan sabulu, daga ɗinki zuwa ɗinki, ka bari ya bushe.

2. Jiƙa tsumma da sifirit kaɗan, ka goge wurin da ke da danƙo har danƙon ya fita. Launi zai biyo tsumman, haka ake so. Amma ka lura, sifirit ba abin wanke kujera ba ne. Ana sa shi ne kawai a wurin da aka riga aka shirya sake wa fenti.

3. Idan ya bushe, bi bakin tabon da samfefa a hankali, har yatsa ya daina jin tudu tsakanin tsohon fenti da wurin da ya ɗaye. Share ƙurar.

4. Gwada fentin a ɓoyayyen wuri, a ƙasan kujera, ka jira ya bushe tukuna, gama launi yakan sauya bayan bushewa. Fari da baƙi da ruwan ƙasa kaɗan-kaɗan su ne ake daidaita yawancin launuka da su.

5. Ɗiba fenti kaɗan a soso, ka riƙa dannawa, ba shafawa ba. Shafi na fari ba zai rufe tabon ba, kada ka damu. Jira ya bushe, kamar minti 20 ko 30 a inuwa, ka ƙara. Shafi 3 ko 4 marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Kowane shafi ya ɗan wuce na baya faɗi, domin sabon launi ya shige cikin tsoho.

6. Bi da rufi sau 2. Yawancin kujerun mota ba su da ƙyalli sosai, saboda haka ka zaɓi marar ƙyalli.

7. Kada a zauna a kai har kwana 2, kada kuma a wanke shi har mako guda.

Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya yi aikin nan cikin garaje zai ga fentin yana ɓarewa kafin kaka.

Lokacin da za a nemi mai sana'a

Idan fatar ta yage, ko leda ta narke, ko launin kujerar mai wuyar haɗawa ne, kai ta wajen mai ɗinkin kujerun mota a Kankiya, Katsina ko Kano. Ba lalle ne a sake dukan kujerar ba. Gwani zai iya farke ɓangaren da ya lalace kaɗai, ya yanka sabo daidai da shi, ya mayar. Wani lokaci ma a kan sami tsohuwar kujera irin ta motarka wajen masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa a Kano, a ciro ɓangaren daga jikinta. Ku yi ciniki tun kafin ya sa almakashi, ka kuma tambaya ko fata zai sa ko leda, domin kada ka biya kuɗin wannan a ba ka wancan.

Ga wani gargaɗi mai nauyi. Motoci da yawa na yanzu suna da jakar iska a cikin gefen kujerar gaba, wadda ke fashewa ta kāre haƙarƙarin mutum idan an yi karo. Za ka ga an rubuta SRS ko AIRBAG a gefen kujerar. Ɗinkin wannan gefe an yi shi ne domin ya yage da sauƙi. Idan aka sake shi da zare mai ƙarfi, ko aka sa wa kujerar riga mai kauri ta rufe wurin, jakar ba za ta fito yadda ya kamata ba. Ka nuna wa mai ɗinki wannan da kanka. Gara kujera mai tabo da kujerar da ta kasa kāre rai.

Idan kuwa motar ta aro ce, kada ka yi gyaran a ɓoye. Je ka faɗa wa mai ita tun ranar, ka nuna masa wurin, ku shirya tare yadda za a gyara da wanda zai biya. Tabon da aka rufe da man takalmi zai fito, ranar da ya fito kuma ba kujera kaɗai za a rasa ba. Kai ma mai mota, ka tuna wanda ya shafa wa 'ya'yansa magani ba ɓarna ya nufa ba.

Kada a daina maganin

Wani zai ce, to, daga yau an hana maganin sauro a gidan nan. Wannan ba dabara ba ce. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2022 Nijeriya ce ke da kimanin kashi 27 cikin 100 na dukan masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, ƙananan yara kuma su ne suka fi mutuwa. Kujera tana da mai ɗinki, yaro ba shi da shi. Abin da ake bukata shi ne a sauya yadda ake amfani da maganin.

A shafa shi a waje, nesa da mota, a jira kamar minti 10 ya bushe. Wanda ya shafa ya wanke tafin hannunsa da sabulu kafin ya kama sitiyari, gama shi ma rufi iri ɗaya gare shi. A shimfiɗa tsohon zane ko tawul a inda yara za su zauna, musamman masu gajeren wando. Kada a ajiye kwalbar a kan kujera ko a aljihun bayanta, a sa ta cikin wani gwangwani mai murfi. Kada a bar gwangwanin fesawa a mota da rana. An rubuta a jikinsa kada zafi ya wuce digiri 50, motar da aka rufe a ranar bazara kuwa takan wuce haka, yana iya fashewa.

Wanda ya sami hali ya nemi maganin da aka rubuta Picaridin ko Icaridin a jikinsa. Kamfanin Bayer na Jamus ne ya haɗa shi a shekarun 1980. Yana korar sauro kusan kamar DEET, amma ba ya narkar da roba.

Game da yara, kada a shafa DEET ga jaririn da bai kai wata 2 ba, a rufe shi da gidan sauro. Ga sauran yara, kada ƙarfinsa ya wuce kashi 30 cikin 100. Babba ne zai shafa musu, ban da hannu, da ido, da baki, da inda ke da rauni. Idan an dawo gida a yi wanka. Da dare kowa ya shiga gidan sauro mai magani, gama sauron da ke kawo zazzaɓi da dare ya fi cizo. Idan masu rabon maganin rigakafi na damina sun zo ƙofa domin yara 'yan wata 3 zuwa 59, a karɓa, a kuma cika kwana 3 na kowane wata. Jihar Katsina tana cikin waɗanda suka fara wannan shiri a ƙasar nan, tun 2013.

Kalma ta ƙarshe a kan fiya-fiya. Wasu direbobi sukan yayyafa shi a mota domin kyankyaso ko kuɗin cizo, su rufe gilasai. Dafin da ke cikinsa, wanda ake rubutawa DDVP ko Dichlorvos, maganin ƙwarin gona ne, shi ne kuma ke cikin Sniper. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Yana ɓata kujera, amma wannan ƙaramin laifinsa ne. Yana shiga soso ya daɗe, yana bi ta fata da numfashi, mota kuwa ƙaramin ɗaki ne. Idan ƙwari sun shiga mota, a fitar da tabarmin ƙafa a kakkaɓe, a share ɓurɓushin abinci, a wanke, a bar motar a rufe cikin zafin rana babu kowa a ciki, sa'an nan a buɗe ta ta sha iska. Idan abin ya ƙi, a nemi ma'aikacin tsabta na ƙaramar hukuma ya ba da shawara.

A wata mai zuwa za mu duba yadda ake ɗinke gidan sauro da ya yage, da yadda ake wanke shi ba tare da an kashe maganinsa ba. Kafin nan, kowa ya juya bayan kwalbarsa ya karanta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu kaka lafiya.